Firjin Babanmu ya daina ƙanƙara, mai gyara ya ce a canza masa gas

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan firji ku ba ni shawara. Ina da tsohon firji mai ƙofa biyu, firiza a sama, na marigayi Babanmu ne, tun ina firamare yake gidanmu. Da shi nake daskarar da zoɓo da kunun aya ina sayarwa. Bana sau biyu ke nan ana zuba masa gas, ya yi wata biyu ya koma gidan jiya. Injin na ta ƙugi, saman ya ɗan yi sanyi-sanyi, ƙasan kuwa kamar kabad. A takardar da ke manne a bayansa an rubuta R12, giram 140. Yanzu mai gyaran ya ce an daina yin irin wannan gas ɗin, zai juye masa na zamani, R600a. In yarda, ko in haƙura?

Wani mai gyaran firji: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu ajiye maganar canji tukuna. Gas ɗin firji ba man janareta ba ne, ba ya ƙarewa, zagaye kawai yake a cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai inda ya huje, kuma ko wane iri aka zuba ta nan zai bi ya fice. A fara matsa masa iskar naitirojin, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututun, a duba inda ya yi maiƙo. Tambaya ɗaya: kina kankare ƙanƙarar firizar da wuƙa?

Shi kuma R600a gas ne mai kyau, amma ba da wannan injin ba. Sanyin da yake ɗaukowa a kowane bugun inji kusan rabin na R12 ne, shi ya sa injin da aka ƙera dominsa cikinsa ya fi girma. In aka zuba shi a tsohon inji, sai ya wuni yana aiki bai tsaya ba, zoɓon kuma bai daskare ba. Canji na gaskiya sai da sabon kwamfireso, wato injin, na R600a da sabuwar diraya, wato matatar da ke tsotse danshin gas, a duba siririn bututun nan na kafilari, a zuƙe iskar ciki tas da famfo, sannan a auna gas ɗin a sikeli. Bai kai rabin na da ba, inda 140 ke shiga wajen giram 60 ne. Wanda ya zo ba sikeli, yana taɓa bututu da hannu yana cewa ya isa, ki sallame shi.

Wata 'yar uwa: Ni dai R134a aka sa wa nawa, ba a canza inji ba, kuma ya yi sanyi.

Mai gyaran firji: Zai yi, Anti, don ƙarfinsu ya yi kusa da juna. Matsalar mai ce. Man da ke cikin injin R12 ba ya cuɗanya da R134a, sai ya laƙe a bututu ya toshe kafilari, wata rana injin ya ƙone. Sai an juye tsohon man, an wanke bututun, an zuba mai irin POE, an canza diraya. In an yi miki haka, madalla.

Wani malamin kimiyya: Mai gyaranki bai yi ƙarya ba a kan R12. Yana lalata rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987, ƙasashe irin namu kuma aka ba su zuwa 2010 su daina. Duk gwangwanin da kika gani yau a kasuwa da sunan R12, ki yi hattara da abin da ke ciki. Abin da nake so ki riƙe: R600a ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta. Firjin da aka ƙera dominsa an killace duk wurin da ke iya tartsatsi. Tsohon firji kuwa na'urar daidaita sanyi da makunnin ƙwan ƙofa suna nan ciki a buɗe. Gas ya tsiyaye ya taru cikin dare, a buɗe ƙofa da safe, Allah dai Ya kiyaye.

Wani ɗan uwa: Kuma kar ki bari a ɗura masa na tukunyar girki wai ai duk ɗaya ne. Akwai danshi da datti a ciki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maganar wuƙa kuwa Malam mai gyara ka canka. Yanzu na tsare yaran, babbar ta ce ran da NEPA ta ɗauke ta sa wuƙa ta ɓamɓaro leda, ta ji ya yi "tsss", tsoro ya hana ta faɗa.

Mai gyaran firji: To an samo ɓarawon. In hujin yana kan farantin firizar inda ido ke gani, ana liƙe shi ko a canza farantin. Daga nan a wanke, a canza mai da diraya, a sa R134a, shi ya fi dacewa da firjin da ya kai wannan shekarun. Amma a sake gwada shi da naitirojin ya kwana tukuna. In allurar ma'aunin matsin iskar ta sauka, akwai wani hujin a cikin bangon firjin, inda sai an farke soson jikin. Wannan kam kada ki ƙara masa ko sisi, ki tara kuɗin ki sayi wanda ya zo da R600a daga kamfani.