Ta ina ake fara tsamo ƙa'idoji daga rubutacciyar hira da gwani?

Dalibin_Kwamfuta:
Assalamu alaikum. An yi hira da gwanin gyaran inji, an kwafe ta a rubuce, shafi 40. Ta ina ake farawa har a samu ƙa'idojin "idan kaza, to kaza" da manhaja za ta yi aiki da su? Zancen nasa sai yawo yake.

Injiniya_Sadiya:
Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar neman ƙa'idoji. Fara sa wa kowane layi lamba, domin duk abin da ka tsamo a san inda za a koma a duba shi. Sannan ka karanta sau 3. Karon farko ja layi ƙarƙashin sunayen abubuwa, irin su batir, fulogi da famfon mai. Na biyu ka tattara siffofinsu: zafi, ƙara, launin hayaƙi. Na uku ka farauci kalmomin da ke ɗaure dalili da sakamako: idan, saboda, muddin, sai dai, in ba haka ba. A bayan "sai dai" togaciya take ɓuya, kuma ita ce ke kayar da manhaja in aka tsallake ta.

Ka buɗe ƙaramin ƙamus tun da wuri. Gwani kan kira abu ɗaya da suna biyu, sai ka wayi gari da ƙa'idoji masu karo da juna.

Malam_Tsari:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: kada a gyara masa Hausa ko a share "yawanci", "wani sa'in" da "ina ga". Su ne ma'aunin tabbacinsa. MYCIN, wata manhajar taimaka wa likitoci gano cuta da aka gina a Jami'ar Stanford a shekarun 1970, tana da ƙa'idoji kusan 600, kuma tana auna tabbaci da lamba tsakanin -1 da +1.

Babbar matsalar ma ba a takarda take ba. Abin da ya zama wa gwani jiki ba ya faɗinsa. Zai ce "da jin ƙarar na gane", alhali ya tsallake matakai da dama. Duk inda ka ga haka yi alama, ka koma ka ba shi inji mai matsala ya riƙa faɗin tunaninsa yana aiki.

Dalibin_Kwamfuta:
Na gode, Malam. To yaya zan tabbatar ban fahimce shi a karkace ba?

Malam_Tsari:
Karanta masa ƙa'idojin kamar kai ne malamin, ya tsayar da kai inda ka kauce. Ka kuma ba wani mutum shafi 10 ya yi nasa nazarin shi kaɗai, ku gwada. Inda kuka saɓa, nan za ka sake yi wa gwanin tambaya.