Fitilar fetur ta ƙi riƙe iska, ku taimaka da shawara

Mai tambaya, daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi fitilar fetur ta gwanjo, Coleman, irin mai famfo da 'yar ragar da ke ba da haske, a kasuwar Sabon Gari, saboda kwanan gona da muke yi wajen Shika lokacin girbi. Sati biyu tana haske fes. Yanzu in na buga famfon sai in ji shi sakayau, ba ya turjewa. In ma ta kama, jar wuta ce ke tashi da hayaƙi har ƙwan ya yi baƙi, minti biyar ta mutu. Wallahi ina son fitilar nan, ba na so in jefar.

Baba mai gyaran risho, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaro, hunturu ne ya taɓa ta. A ƙarshen sandar famfon akwai 'yar fata kamar ƙoƙo, ita ke tura iska cikin tanki. In ta bushe sai ta tsuke, iskar ta riƙa zillewa ta gefe. Zare famfon, ka jiƙa fatar da man inji ta kwana, ka ɗan buɗe bakinta da yatsa ka mayar. Kuma ka tuna a juya kan famfon hagu kafin a buga, babban yatsa na toshe ramin da ke tsakiya. Bugu 30 ya isa, sai ka juya dama ka kulle.

Makanikin babur, Tudun Wada:
Gaskiyar Baba ce, amma jar wutar nan wata cuta ce daban. Malam, a ina kake sayen mai? In na 'yan bumburutu ne, ga amsarka. Siririn bututun tagullar da ke tsaye kusa da ragar, wanda ake ce wa janareta, shi ke ɗaukar zafi ya mayar da fetur tururi. Fetur mai datti yana barin baƙin dauɗa a ciki, ramin da ke samansa ya toshe, sai mai ya fito da ruwansa. Kashe ta, ta huce sarai, ka kwance bututun da ƙaramar sifana ka wanke shi da fetur mai kyau. Akwai allura siririya a ciki, kada ka lanƙwasa ta. Duba jikin tankin kuma: in ba a rubuta Dual Fuel ba, ba don man mota aka yi ta ba, za ta yi ta toshewa.

Wani ɗalibi, Kongo:
Ka gauraya da kananzir mana, ya fi araha.

Baba mai gyaran risho:
A'a ɗana, kada ya kuskura. Kananzir ya fi fetur nauyi, bututun nan ba zai iya dafa shi ba, hayaƙin ma ƙaruwa zai yi. Na manta robar murfin tanki: bayan ka buga iska, shafa ruwan sabulu a bakin murfin. In ya yi kumfa, robar ta mutu. Kada kuma ka cika tankin maƙil, bar wa iska wuri.

Wata ma'aikaciyar jinya, Shika:
Don Allah ƙanena, kada ka kwana da ita a rufaffiyar bukka. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi, kamar ta janareton gida. Kuma kada ka buɗe murfin mai tana da zafi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba, fatar ce, ta bushe ƙamas, yanzu famfon na turjewa. Oga makanike, man galan nake saye a Kwangila, na daina. Na wanke bututun, haske ya dawo fari. Sai dai garin kwancewa na taɓa ragar ta ɓule.

Makanikin babur:
Kada ka kunna ta haka, wutar da ke fita ta hujin tana fasa ƙwai. Ɗaura sabuwa, ka ƙona ta da ashana mai na rufe har ta zama farar toka, ta huce, sannan ka kunna. Ka sayi biyu, hanyar gona akwai gargada.