Wai taya tana tsaye, mota na gudu?

Ɗalibi: Jama'a ku yi mini alƙalanci. An tambaye mu wace gogayya ce tsakanin taya da kwalta ke riƙe mota a kwana, ta tsayuwa ko ta zamiya. Na rubuta ta zamiya, tunda mota tafiya take. Malami ya ba ni sifili, wai ta tsayuwa ce. Wannan ba zalunci ba ne?

Malamar kimiyya: Ɗana, malaminka na da gaskiya. Gurbin tayar da ke taɓa kwalta a tsaye yake a wannan ɗan lokacin, kamar tafin ƙafarka idan kana tafiya, ya dafa ya ɗaga. Wannan riƙon ke jan mota zuwa cikin kwana. Sai taya ta ƙwace tana ƙugi sannan ta zamiya ta karɓa, ita kuwa ta fi rauni.

Tsohon direba: Tsaye? Haba Hajiya! In a tsaye take, me ke cinye ta har ta yi sanƙo?

Makanike: Baba, birki da rashin iska ke cinye ta. Amma ni ma "tsaye" ɗin nan bai kwanta mini ba.

Malamar kimiyya: Ban ce duk tayar ba. Ku duba lissafi: kwana mai faɗin mita 50 daga tsakiyarta, in ma'aunin riƙo 0.8 ne, iyakarka kusan kilomita 71 a awa. Ruwa ya sauke shi zuwa 0.4, ka koma 50. In ka ninka gudu, riƙon da kake bukata ya ninka sau huɗu. Nauyin mota ma ba ya cikin lissafin.

Tsohon direba: To nan kika ɓata. Kin taɓa shan kwana da tirela cike da kaya?

Malamar kimiyya: Wannan kifewa ce saboda tsayin kaya, ba zamiya ba.

Makanike: Tunda riƙon zamiya ya fi rauni, shi ya sa ABS, wato birki mai sarrafa kansa, ke saki yana kamawa, don kada taya ta ƙame.

Tsohon direba: Birkin ragwaye! Mu da ƙafa muke yi.

Makanike: Baba, ai ku ke kawo mana aiki.

Ɗalibi: Ni fa maganar makina nake.

Shugaban zaure: Mun rufe. Abin da na fahimta, Baba ya fi kowa hujja, don shi ya riƙe sitiyari. Lissafin Hajiya sai a allo. Makanike, ka nemi afuwar Baba.