Faifan Pink Floyd na 1973: tsohon bugu ko sabo?

Ɗanladi, Jos:
Assalamu alaikum. Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan Ingila, sun sake fitar da faifansu The Dark Side of the Moon a 2023, albarkacin cikarsa shekara 50. Shin sabon bugun ya cancanci saye ga wanda yake da tsohon?

Malam Sabo, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam. Waƙoƙin ba su canza ba, sautin kawai aka tace. Darajar aikin tana cikin yadda aka naɗe shi a ɗakin Abbey Road na Landan, lokacin da ba a naɗar sauti da kwamfuta, har ta kai ƙarar sulalla da ke buɗe waƙar Money sai da aka yanka zaren kaset da hannu aka liƙa. Daga nan makaɗa da dama suka koyi tsara faifai ya zama zance ɗaya, maimakon tarin waƙoƙi.

Hajiya Larai, Bukuru:
Gaskiya ne, Malam, amma tsofaffin faifan da suka sha ƙurar hunturu sai ƙaraf-ƙaraf suke yi. Wanda nasa ya ƙarje, ya sayi sabon.

Malam Sabo:
Hajiya, na yarda. Sai dai Ɗanladi ya kula, Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar, ya sake rera waƙoƙin ba tare da ƙungiyar ba a shekarar 2023, kuma wannan aiki ne daban.