Tsibiri kamar Dominika: me ake tanada kafin guguwa ta iso?

Bashir Kn:
Assalamu alaikum. Guguwar Maria da ta faɗa wa Dominika, ƙasar tsibiri a yankin Karebiya, ranar 18 ga Satumba 2017 ta yi ɓarnar kusan dala biliyan 1.3, wato kashi 226 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali mutanenta ba su wuce 70,000 da ɗoriya ba. Ƙasa irin wannan me ya kamata ta tanada tun iska ba ta taso ba? Inshora kaɗai ta isa?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Ba ta isa ba. Kuɗin hawa-hawa ake jera su. Ƙaramar ɓarna mai zuwa kusan kowace shekara, kamar zaftarewar ƙasa ta toshe hanya, asusun ko-ta-kwana na gwamnati ke ɗaukar ta. Matsakaiciya kuma rance ne da aka riga aka sa wa hannu da Bankin Duniya, ana cirar sa da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci. Inshora ta babbar masifa ce.

CCRIF, asusun inshorar bala'i na haɗin gwiwar ƙasashen Karebiya da aka kafa a 2007, ba ya jira a ƙirga gidajen da suka rushe. Ƙarfin iska da hanyar da ta bi ake lissafawa, a biya cikin kwana 14. Dominika ta karɓi kimanin dala miliyan 19. Wannan kuɗin share hanya ne da man janareto da albashi. Sake gina ƙasa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Malam Sani:
Hajiya, bari in ƙara inda irin wannan tsari ke cizo. Tunda ma'auni ake bi, ana iya yin ɓarna a rasa ko sisi. A 2024 Jamaika ta samu takardar lamunin bala'i ta dala miliyan 150, wato kuɗin masu zuba jari da ake biyan ƙasar idan guguwa ta kai wani ma'auni. Guguwar Beryl ta ɗaiɗaita kudancin ƙasar a Yulin 2024, amma ba ta kai ma'aunin da aka gindaya ba, ba a biya ba. Sai da guguwar Melissa ta zo a Oktoban 2025 aka biya duka. Shi ya sa nake ganin dabarar Girenada ta fi kwantar da hankali: tun 2015 ta sa sharaɗin dakatar da biyan bashi idan guguwa ta auku, ta kuwa yi amfani da shi a 2024 bayan Beryl ta ragargaza tsibirinta na Carriacou.

Injiniya Umar:
Ku dubi rufin gida, nan asarar ke farawa. Maria ta lalata kusan kashi 90 na gine-ginen Dominika. Iska na shiga ƙarƙashin bakin kwano ta ɗaga shi, ƙusa ta zare, ruwa ya ƙarasa abin da ke ciki. Gyaran ba tsada sosai: rufi mai gangara huɗu, bakin kwano gajere, kwano mai kauri, a ɗaure da sukuru maimakon ƙusa, sannan a kama katakon rufi da bango da madaurin ƙarfe, bangon kuma da harsashin ginin, kada a bar gaɓa ɗaya sake.

Dominika ta yi dokar jure sauyin yanayi a 2018, da shirin 2020 zuwa 2030. Amma gidaje da yawa kafintan unguwa ke rufa su ba tare da sufeto ya leƙa ba, don haka horar da kafintoci dole ya shiga kasafin kuɗi tare da dokar.