Tallafin jari ga matasa: abin da muke gani a zangunan Kumasi

Malamin takarda, Asawase: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da Shugaba Mahama ya ƙaddamar da Adwumawura, shirin tallafa wa matasa su kafa sana'a, a nan Kumasi a watan Afrilu na 2025, don 'yan shekara 18 zuwa 35, yara ba su daina tambayar yadda ake samun tallafin jari ba. Wanda ya san hanya ya faɗa. Ni zan fara da suna, don nan ake yawan zubar da namu. Mutum ɗaya, amma Mohammed ne a Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, Muhammad a takardar makaranta, layin MoMo na tura kuɗi ta waya kuma da sunan yayarsa. Kwamfuta ba ta san zumunci ba, mutum uku take gani. A tsaya kan yadda aka rubuta a katin, harafi da harafi. Tun 2021 lambar katin ce lambar harajinka. A haɗa da adireshin GhanaPost GPS na wurin sana'a, ba na gidan kaka ba.

Hajiya mai ɗinki, Aboabo: Malam ka yi gaskiya. Na biyu, a bambance kyauta da bashi. Kuɗin MASLOC, cibiyar gwamnati ta ƙananan basussuka, rance ne, za a biya. Na shirin YouStart da GEA, hukumar tallafa wa ƙananan sana'o'i, ta gudanar da kuɗin Bankin Duniya kyauta ne, amma sai an bi horo mataki uku, kuma ba duk wanda ya zauna aji ke samu ba. 'Yan matanmu kan zo mataki na farko, biki ko suna ya taso, su yi fashi, shi ke nan suna ya faɗi. Wanda ke gudun riba ya tambaya tun ranar cike fom, kada sai ya sa hannu.

Akanta, Tafo: Hajiya, ƙara da littafi. Masu tantancewa suna son ganin ciniki a rubuce. Littafin makaranta ya isa: kwanan wata, abin da aka saya, abin da aka sayar, bashin da ke waje. Ko na wata uku ne. Katin adashi da bayanan MoMo su ma shaida ne, in ba a cakuɗa su da kuɗin cefane ba.

Sai kasafi. Kada ka rubuta "ina buƙatar jari". Rubuta keken ɗinki ɗaya, na'urar cin baki ɗaya, yadi kaza, ka karɓo takardar farashi daga shago biyu a Adum ko Kejetia. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne zuba kuɗin duka a inji. Injin ya iso, babu na zare, babu na wuta, ga mai shago na neman hayar shekara biyu gaba, ko da yake doka wata shida ta ce. Ni a ganina kashi ɗaya cikin uku ya zauna don juyawa. Rubutaccen tsarin sana'ar da aka saya a shagon intanet kuwa, tambaya biyu ke tona shi.

Masta, Suame Magazine: Ƙannena, ranar da kuɗi ya shigo dangi ke tuna da kai. Akan zo duba wurin aiki, a nemi rasit. A sayi kayan cikin satin, a adana rasit, a ɗauki hoto. Rajistar sunan sana'a a ofishin ORC mai rajistar kamfanoni duk shekara ake sabunta ta, da yawa sun manta.

Uwar ɗalibai, Asokore Mampong: Ba jari kaɗai ba. Shirin No Fees Stress na biya wa 'yan shekarar farko a manyan makarantun gwamnati kuɗin karatu, ta shafin asusun rancen ɗalibai. Na ɗakin kwana ba ya ciki, iyaye su tanada.

Malamin takarda, Asawase: Wani ya turo mini a ɓoye cewa an kira shi, wai ya aika kuɗin gyara fayil. Ɗana, kada ka aika, kada ka faɗi lambar sirrinka. Ɗauki katinka gobe da safe ka je ofishin ba 'yan kasuwa shawara na gundumarku, ka nuna musu lambar da ta kira ka.