Wace manhajar kariya ta dace da kwamfutar gida da yara ke taɓawa?

Malam Sabon-Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta a kan wani al'amari da ya fara damuna. Wata huɗu ke nan da na sayi laftof na hannu, mai Core i5 da ƙwaƙwalwa gigabait 8, tana ɗauke da Windows 10, domin hidimar gida. Ni ina tsara jarrabawar ɗalibaina da sakamakonsu a kanta, uwargida tana rubuta lissafin ɗinkinta, babbar 'yata tana shirin JAMB, ga kuma ƙannenta biyu da ba su da aiki sai neman wasanni. Wanda ya sayar mini da ita ya ce ya cika ta da tsaro, ashe manhajojin kariya har uku ya ɗora mata, kowace tana fito da nata gargaɗin, ɗaya kuma kullum sai ta buɗo jan allo tana cewa wa'adinta ya ƙare, in biya da dala. Idan aka kunna kwamfutar sai ta yi kusan minti biyar kafin ta gama farkawa, fankarta tana ƙugi kamar injin markaɗe.

Abin da ya tsorata ni ya faru ne a makon jiya. Na kai filashi shagon buga takardu, da na dawo gida na soka shi, sai na tarar duk foldodina sun koma waɗansu 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe, kuma duk da masu gadi uku da ke kan kwamfutar babu wanda ya ce uffan.

Na ji ana ambaton Kaspersky da Avast da Bitdefender da ESET da Smadav, wani abokin aikina kuma ya ce wadda ta zo da Windows ta wadatar. Wacce ya kamata in riƙe? Ta kyauta za ta isa ko sai na saya? Sannan waɗannan ƙarin kayan da ake tallatawa, irin su VPN da masu share shara daga kwamfuta, akwai wanda ya zama dole a cikinsu? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara na Kano ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, a cire duk ukun. Manhajar kariya mai gadi a kowane lokaci tana shiga can cikin tsarin Windows ne, ta tsaya a bakin duk fayil ɗin da za a buɗe ta bincike shi, to idan uku suka tsaya a ƙofa ɗaya sai kowace ta riƙa binciken abin da 'yar'uwarta ke bincika, wani lokaci ma ta ɗauke ta a matsayin ɓarauniya. Nauyin da kuke gani da ƙugin fanka yawanci daga nan suke. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, da zarar an ɗora wata manhajar kariya, Microsoft Defender da ke cikin Windows tana janye jikinta ta bar mata aikin, saboda haka mai ɗauke da manhajar da ta daina samun sabuntawa yana iya zama cikin haɗarin da ya fi na wanda bai ɗora komai ba. Idan kun cire su, ku sake kunna kwamfutar, ku buɗe Windows Security, ku tabbatar alamomin sun koma kore.

Abokin aikinku bai yi kuskure ba. A da can Defender abar dariya ce a wurin masu gyara, amma ta daɗe da wuce wannan matsayi. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji a kai a kai, AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. Ta Jamus tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan sauƙin amfani, jimla 18, kuma sau da yawa Defender tana samun cikakken maki ko dab da shi, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye. Sakamakon yana shafukansu kyauta, kuna iya duba na baya-bayan nan da kanku.

Game da filashin, ku kwantar da hankalinku, fayilolinku suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ku danna ko ɗaya daga cikin alamomin masu kibiya, domin dannawar ce ke tayar da cutar ta shiga kwamfuta. Ku bar Defender ta binciki filashin tukuna, sannan ku buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ku rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\\*.\* amma ku sauya E da harafin da filashinku ya samu. Foldodin za su bayyana, sai ku kwashe su, ku goge filashin gaba ɗaya. Smadav, wadda 'yan Indunusiya suka ƙirƙira, a kan irin wannan cuta ta filashi ta yi suna a wajenmu, kuma masu ita da kansu sun ce mataimakiya ce, ba babbar mai gadi ba. Ni ba na ɗora ta, amma ba na faɗa da mai ɗorawa.

Masu share shara kuwa ba ku da buƙatarsu, Windows tana da Storage Sense da ke wannan aikin. A Satumbar 2017 aka gano cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner ta asali, wata mai share shara, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke ta, wato kowace manhaja da aka ƙara wata ƙofa ce aka ƙara wa gida. Idan kuna son ido na biyu, ku ɗora Malwarebytes ta kyauta, wadda ke bincike idan an umarce ta kawai, ku riƙa kunna ta sau ɗaya a wata.

Akwai tambayar da nake so ku amsa mini: Office ɗin da ke kan kwamfutar nan, da ita kanta Windows, na asali ne ko an fasa su ne da irin su KMSPico, manhajar da ake tsallake biyan lasisi da ita? A cikin kwamfutocin da ake kawo mini da cuta, wannan hanyar da wasannin sata ba su da na biyu.

Maman Hanifa ta rubuta:

Malam, ni ba masaniya ba ce, abin da ya same ni zan faɗa. Ina cikin rubuta kundin digirina na biyu ƙanena ya sauke wata manhajar gyaran hoto da aka fasa, kuma shafin da ya samo ta ya umarce shi da ya kashe manhajar kariya kafin ya ɗora, wai don kada ta hana aikin. Ya kashe. Washegari na buɗe babi na uku, sai na ga sunan fayil ɗin ya samu wata jela ta haruffa huɗu a ƙarshe, ya ƙi buɗewa, haka hotunan bikin aurena da na sunan 'yata. A cikin foldodin an ajiye wata 'yar takarda da Turanci tana neman dala 980, ko 490 idan na tuntuɓe su cikin awa 72. Daga baya na ji sunan abin, STOP ko Djvu, kuma ta hanyar manhajojin sata ya fi yaɗuwa.

Mai gyara ya cire cutar cikin rabin awa, amma cire ta bai buɗe fayilolin ba, ihu ne bayan hari. Mun gwada shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da waɗansu kamfanonin tsaro a 2016, mun gwada mabuɗin kyauta na Emsisoft, amma wannan yana aiki ne a kan wani nau'i kawai, nawa bai faɗa ciki ba. Abin da ya cece ni shi ne babi na ɗaya da na biyu da na taɓa aika wa malamina ta imel. Na uku daga takardun hannu na sake rubuta shi, hotunan kuwa sai waɗanda na roƙo a wayoyin dangi.

Saboda haka ni shawarata ba ta sunan manhaja ba ce. Ku sayi faifan ajiya na waje, ku riƙa kwafe muhimman takardu duk ranar Juma'a, sannan ku cire shi ku sa a durowa, domin idan yana soke lokacin da cutar ta shigo, har shi za ta kulle. Sakamakon ɗalibai da lissafin uwargida kuma ku ajiye kwafinsu a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Yaran nan biyu ku buɗe musu nasu asusun a kwamfutar, na talakawa wanda ba shi da ikon ɗora komai sai da kalmar sirrinku, kuma kada ku rubuta kalmar a bangon littafi, yaran yanzu sun fi mu ido.

Abu Yusuf ya rubuta:

Na yarda da yawancin abin da Injiniya Mai Gyara ya faɗa, sai dai ina ganin ya ɗan rage wa manhajojin saye daraja. Defender ta fi ƙarfi idan kwamfuta tana haɗe da intanet, domin tana tuntuɓar rumbun Microsoft kafin ta yanke hukunci a kan baƙon fayil, mu kuwa kwamfutocinmu na gida sukan yi kwanaki ba su ga data ba, alhali filashi yana shiga yana fita. Ga gidan da yara ke yawo a intanet, Bitdefender ta Romaniya ko ESET ta Sulobakiya suna da tace shafukan damfara a kowace burauza da kuma kula da abin da yara ke buɗewa, duk a wuri ɗaya. Ni ESET nake amfani da ita saboda rashin nauyinta, kuma a ganina kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Idan za ku saya, Malam, ku kula da abu biyu. Farashin shekarar farko yawanci rangwame ne, kuma idan kun biya da kati sukan sabunta da kansu a shekara ta biyu a kan cikakken farashi, don haka ku kashe sabuntawa ta kai-tsaye tun ranar farko. Sannan ku guji mabuɗin lasisi mai arahar da ta wuce hankali da ake tallatawa a WhatsApp. Manhajar kariyar da aka fasa kuwa, wannan bai wa kura ajiyar nama ne.

Tunda kun ambaci sunaye, ya kamata ku san tarihinsu. Kaspersky na Rasha yana cikin masu samun maki mai kyau a gwaje-gwaje, amma a Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta bisa dalilan tsaron ƙasa, aka kuma tsayar da sabunta shi a can daga 29 ga Satumba na shekarar. Kamfanin ya musanta zargin, haramcin kuma na Amurka ne, bai hau kanmu ba. Avast kuwa, a Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda ya rufe a farkon 2020. Haka kuma Avast da AVG da Avira da Norton duk yanzu gida ɗaya suke, wato Gen Digital, don haka mai barin ɗaya ya koma ɗaya bai yi nisa ba.

VPN ba maganin cuta ba ne, hanyar da bayananku ke bi yake lulluɓewa, kuma ba zai hana yaro sauke mugun fayil ba. Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne mai toshe tallace-tallace irin uBlock Origin a kan Firefox, domin maɓallan saukewa na ƙarya ta talla suke zuwa, sai kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinku.

Malam Sabon-Gari ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na cire ukun, kwamfutar tana tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, fayilolin filashi kuma sun dawo kamar yadda Injiniya ya ce. Hajiya Maman Hanifa, Allah ya mayar miki da mafi alheri, yau na buɗe wa yaran asusunsu, suna ta kumbure-kumbure. Injiniya, hasashenku ya tabbata, Defender ta kama abin da aka fasa Office da shi, ta killace shi, Windows ɗin dai ta asali ce. Zan zauna a kan Defender zuwa wani lokaci in gani. Sai dai wani saƙo ya fito cewa an daina tallafa wa Windows 10, kuma wai kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan ya shafi tsaro ne ko talla ce kawai?

Mai Gyara na Kano ya rubuta:

Ya shafi tsaro ƙwarai, Malam, har ya fi zaɓen manhajar kariya muhimmanci. Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato gyaran ɓarakar da yake fitarwa a Talata ta biyu ta kowane wata ya tsaya ga wanda bai shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Defender za ta ci gaba da samun sabbin bayanan cututtuka, amma ba ita ke toshe ɓarakar da ke jikin Windows ba. Ku tuna cutar WannaCry ta Mayun 2017, wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 har da asibitocin Birtaniya, alhali an fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta cinye.

Shirin ƙarin wa'adin na masu kwamfutar gida, yadda aka sanar da shi a 2025, yana kai mutum zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ana shiga ta Windows Update idan Windows ɗin sigar 22H2 ce, kuma ba a biyan komai ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitunansa a can. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da, a mafi yawan lokuta, Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, to da alama taku ta ƙarni na 6 ce ko na 7. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, amma Microsoft bai yi alkawarin sabunta irin wannan kwamfutar ba, ni kuma ba na yi wa kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai haka. Bayan wa'adin, ko dai a sauya kwamfuta ko a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wadda kyauta ce kuma laftof irin taku tana ɗaukarta ba tare da nishi ba.

Office ɗin nan kuma ku cire shi duka, kada ku tsaya a kan abin da Defender ta killace. LibreOffice, madadin Office, tana buɗe takardun Word da Excel, ba ta neman lasisi. Ku gwada ta da jadawalin sakamako guda ɗaya tukuna, ku duba ko layuka da lissafin sun zauna daidai kafin ku kai shagon bugawa, kuma wannan karon ku mayar da takardar PDF ku aika musu ta waya, filashin ya zauna a gida.